1492: Shekarar Da Ta Iso Gobir A Makare

Wanda ya tashi daga Bafarawa ya bi ta Isa ya nufi Sabon Birni, a saninsa ƙasar Gobir yake takawa. Tsagar da ke fuskar dattawa da yawa ta Gobirawa ce, sarautun ma haka: ga Sarkin Gobir a Isa, ga Sarkin Gobir a Sabon Birni, ga kufan Alƙalawa kwance yana ba da shaida. To amma da za a ɗauki matafiyin nan a mayar da shi baya shekara 500 da 'yan kai, a ajiye shi a 1492, da ya yi ɓatan kai. Babu Sabon Birni, babu Alƙalawa. Fadamun Rima da Bunsuru da Gagare duk na Zamfarawa ne, waɗanda tsohuwar cibiyarsu, Dutsi, take wajen Zurmi, kufan Birnin Zamfara kuma bai yi nisa da Isa ta yau ba. Gobirawa suna can arewa. Tarihin baka ya ce sun daɗe a Asbin kafin Buzaye su matsa musu su gangaro zuwa Birnin Lalle, a yankin Dakoro na jihar Maraɗi ta yanzu.

Littattafan makaranta sun ɗauki 1492 a matsayin ƙofar da ta rufe tsakiyar zamani ta buɗe sabon zamani. A lissafinmu na Hijira, mafi yawanta ta faɗo cikin 897, wutsiyarta ta shiga 898. Abin tambaya a nan guda biyu ne: me ya faru a duniya a wannan shekara, kuma ta wace hanya abin da ya faru ya iso bakin Gulbin Rima? Mai bin sawun zai tarar cewa abubuwan da suka fi ƙara a lokacin ba su ne suka fi taɓa mu ba, kuma waɗanda suka taɓa mu sun ɗauki shekaru aru-aru a kan hanya.

Makullan Alhamra

Shekarar ta buɗe ne da rashi. Ranar 2 ga Janairu, Sarkin Garnaɗa Abu Abdullahi Muhammadu, wanda Turawa ke kira Bo'abdil, ya miƙa makullan fadar Alhamra ga Fadinan na Aragon da matarsa Isabela ta Kastil. Mulkin Musulmi a Andalus, wanda ya soma a 711, ya zo ƙarshe bayan shekara 781.

Shekara goma aka yi ana wannan yaƙi, tun daga 1482. Turawan Sifaniya sun zo da manyan igwa masu rusa ganuwa, da kuɗi, da haɗin kan masarautu biyu da aure ya ƙulla a 1469. Garnaɗa kuwa gidan sarautarta ya rabu uku: ga uba Abul Hasan, ga ɗansa Abu Abdullahi, ga baffan yaron, Zagal, kowa na ja. Da Fadinan ya kama Abu Abdullahi a fagen fama a 1483, bai riƙe shi ba, sai ya sake shi ya koma ya ci gaba da faɗa da danginsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Malaga ta faɗi a 1487, aka bautar da mutanenta, sauran garuruwa suka riƙa bi ɗaya bayan ɗaya.

Mutanen Garnaɗa sun kai kuka wurin manyan sarakunan Musulmi. Sai dai manyan biyu, Kaitabai na Masar da Bayazidu na Biyu na Santambul, su ma a lokacin suna gwabza wa juna yaƙi a kan iyakarsu, daga 1485 har zuwa 1491. Sarkin Fas kuma ta kansa yake yi, don Turawan Fotugal sun riga sun karɓe masa Sabta da Tanja a bakin teku. Yarjejeniyar miƙa wuya ta yi wa Musulmi alkawarin masallatansu da alƙalansu da dukiyarsu, amma ba a cika shekara goma ba aka fara fatali da ita, har a 1502 aka ce wa Musulmin Kastil ko dai su shiga addinin Kirista ko su bar ƙasa. Yahudawa ba su ma samu wannan jinkirin ba. Ranar 31 ga Maris 1492 aka yi shelar cewa nan da ƙarshen Yuli kowa ya fita ko ya sauya addini. Dubun-dubata suka watsu zuwa Fas da Tilimsan da ƙasashen Bayazidu, wanda ya buɗe musu ƙofa.

Jirage uku

A sansanin yaƙin da ke bakin Garnaɗa aka sa hannu, cikin watan Afrilu, a kan takardar da ta bai wa wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Italiya, Kolumbus, izinin nufar yamma don ya isa Indiya da Sin. Mutane kan manta cewa wannan tafiya tana da alaƙa da Afirka ta Yamma. Zinariyar da Turai ke buga kuɗi da ita, kaso mai yawa daga nan take fita, raƙuma su ƙetara Sahara da ita. Fotugal ta zagaya ta teku don ta tare ta daga tushe, ta gina ganuwar Elmina a gaɓar Gana ta yau a 1482, kuma Kolumbus kansa ya taɓa zuwa can. Yarjejeniyar da aka ƙulla a 1479 ta bar wa Fotugal gaɓar Afirka, ta hana Kastil. Tun da an toshe kudu, sai a gwada yamma.

Ranar 3 ga Agusta ya tashi da jirage uku da mutum kusan 90. Ranar 12 ga Oktoba ya sauka a wani tsibiri na Bahamas, yana tsammanin ya isa gefen Asiya. Har tafinta mai ɗan jin Larabci ya tafi da shi, don a tunaninsu duk wata babbar fada a gabas ba za a rasa mai jin Larabci a cikinta ba. Wannan tafinta, Luwis da Tores, yana cikin mutum biyun da aka tura cikin tsibirin Kuba a makon farko na Nuwamba, suka dawo da labarin mutane masu kunna wani ganye suna zuƙar hayaƙinsa. Taba ke nan.

Sauran duniya tana ta sha'aninta. A Rum an naɗa sabon Fafaroma, Alekzanda na Shida, wanda ɗan Sifaniya ne. Ingila da Faransa sun yi sulhu a Nuwamba bayan ɗan gajeren yaƙi. Sikandar Lodi na mulkin Delhi, gidan Ming na mulkin Sin, kuma babu ɗayansu da ya san an yi wani Kolumbus.

Mutuwa a bakin ruwa

A wannan makon na Nuwamba da ake kallon masu shan taba a Kuba, wani abu ya auku a yammacinmu wanda, a ma'aunin mutanen ƙasar Hausa, ya fi duk waɗancan nauyi. Sonni Ali, sarkin Songhai, ya mutu a hanyarsa ta dawowa daga yaƙi a ƙasar Gurma. Marubutan Tumbutu sun ce ruwa ne ya ci shi. Shekara 28 ya yi a kan mulki, tun daga 1464. Shi ya ci Tumbutu da Jenne, ya cika Kwara da jiragen yaƙi, ya mai da Gawo cibiyar daula. Amma tsakaninsa da malaman Tumbutu ba a ga maciji: ya kashe wasu, ya wulaƙanta wasu, da yawa suka gudu Walata. Da yake su ne masu alƙalami, hoton da suka bar mana nasa baƙi ne ƙirin.

Ɗansa Sonni Baru ya gaje shi, amma bai yi wata shida ba. A Afrilu 1493 wani babban kwamandan mahaifinsa, Muhammadu Ture, ya karya shi a Anfawo kusa da Gawo, ya hau mulki da laƙabin Askiya. Wanda ya ƙwaci sarauta da takobi yana bukatar hujjar da za ta wanke shi. Askiya ya ja malamai a jiki, ya tafi aikin hajji a 1496, ya dawo da naɗin halifan ƙasar Takruru. Duk da haka akwai tambayoyin da ke ci masa tuwo a ƙwarya game da wanda ya gada, kuma mutumin da zai amsa su ya riga ya iso ƙasar Hausa.

Baƙon Rumfa

Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Magili mutumin Tilimsan ne da ya zauna a Tuwat, wani zango na fatake a tsakiyar Sahara. Can ya tayar da rigima a kan Yahudawan garin, yana cewa sun saɓa sharuɗɗan zamansu ƙarƙashin Musulmi. Alƙalin Tuwat da wasu malamai ba su yarda da shi ba, wasu suka goyi bayansa, aka ƙare da rusa wurin ibadar Yahudawa a Tamanɗiɗ da zubar da jini. Da zama ya yi masa wuya a arewa, sai ya yo kudu: Asbin, Katsina, Kano.

Ya tarar da ƙasar Hausa tana tashen girma. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, ya tsara majalisar Tara ta Kano, ya shigo da kakaki da figini. Tarihin Kano ya ce a zamaninsa aka yi shekara 11 ana yaƙi da Katsina ba wanda ya ci wani. A gabas kuma Mai Ali Gaji ya riga ya kafa Birnin Gazargamu, Barno ta dawo da ƙarfinta. Sarakunan nan suna da dawakai da kasuwanni da bayi. Abin da suke nema shi ne tsarin da zai ɗora ikonsu a kan Shari'a.

Akwai wasiƙar Magili zuwa ga Rumfa mai ɗauke da tarihin 897, wato daidai shekarar da muke magana, a kan yadda sarki zai hana ɓarna a ƙasarsa. Ya kuma rubuta masa ɗan littafin nan Tajuddini, mai babi takwas, a kan wajiban sarakuna: sarki ya zauna kullum ya saurari mai ƙara, har mata da raunana, ya bincika dukiyar hakimansa, ya guji karɓar kyauta daga masu neman hukunci, ya san inda kuɗin baitulmali ke fitowa da inda suke zuwa. Abin da ya fi nanatawa shi ne haɗarin sarki ya ɓuya wa talakawansa. Zuriyar Magili, Sharifai, suna nan a Kano, da sarautar Sidi Fari.

Daga baya Magili ya wuce Gawo, Askiya ya jera masa tambayoyinsa. Mene ne hukuncin sarkin da ke kalmar shahada, yana salla, amma yana yanka ga duwatsu da itatuwa, yana halatta jinin Musulmi da dukiyarsu? Magili ya kafirta Sonni Ali da manyan mataimakansa, ya ce yaƙar irinsu jihadi ne, ya kuma yi maganar mai jaddada addini da ke zuwa a kan kowace shekara 100. Askiya ya samu abin da yake so. Takardun kuwa suka shiga gafakar malamai, ana ta kwafa.

Gobir a bakin wasu

A duk wannan hada-hadar, Gobirawa ba su bar mana rubutu na kansu ba, amma wasu sun ambace su. Tun a 1353 Ibn Baɗuɗa, da ya sauka Takadda, ya lissafa Gobir cikin wuraren da ake kai tagullar garin. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yakubu, tsakanin 1452 da 1463, Asbinawa suka zo Gobir, gishiri ya wadata a ƙasar Hausa. Wato Gobir ita ce bakin ƙofa tsakanin masu raƙuma da masu gero. A zamanin Yakubun nan ne kuma aka ce Fulani sun iso da littattafan tauhidi da na lugga, kuma a cikin wannan ƙarni tarihin Toronkawa ya sa zuwan kakansu Musa Jakollo ƙasar Ƙonni. Ashe a 1492 kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kakannin Sarkin Gobir Yunfa sun riga sun zama maƙwabta.

Daga Alƙahira ma an san da Gobir. Jalaluddini Suyuɗi, wanda yake raye yana rubutu a wannan shekara, ya aika wa sarakunan Takruru wasiƙar nasiha a wajen wannan lokaci, ya ambaci Sarkin Agadas da Ibrahim Sarkin Katsina. A ciki ya nuna ɓacin ransa kan labarin da ya je masa cewa a Gobir akwai masu yanka bawa idan sun kwanta ciwo, wai don fansar ransu. Ji ya yi, bai gani ba. Amma zargi ne da ya shiga rubutu da sa hannun babban malami, irin wannan kuwa ba ya gogewa da sauƙi.

Shaida ta ƙarshe daga Garnaɗa ta fito. Cikin iyalan da suka bar birnin suka koma Fas akwai wani yaro, Hasan Alwazzan. Ya girma ya yi tafiye-tafiye, 'yan fashin teku suka kama shi a 1518 suka kai shi wurin Fafaroma, Turawa suka san shi da Liyo Afirkanus. A littafinsa, wanda aka buga a Banis a 1550, ya siffanta Gobir da ƙasar makiyayan shanu da tumaki, da masaƙa, da dukawa masu ɗinka takalman da ake kaiwa Tumbutu da Gawo, da manoma masu shuka shinkafa a ruwan ambaliya. Ya kuma ce Askiya ya kashe Sarkin Gobir ya kwashi mutane. Masana na ja da wannan magana ta ƙarshe, don ya faɗi irinta a kan Kano, Tarihin Kano kuwa bai ambaci haka ba. Ko ma dai yaya, ɗan gudun hijirar 1492 ne ya gabatar da Gobir ga masu karatu a Turai, kuma da bayaninsa suka yi ta aiki kusan shekara 300.

Hanyoyi uku

Ta hanya uku shekarar ta iso fadamun Isa da Sabon Birni, kowace da saurinta.

Takobi ne ya riga isowa. Askiya ya kai yaƙi Agadas sau biyu, a farkon ƙarni na 16. Bayan na biyun, wajen 1516, Kanta na Kabi ya ɓata da shi a kan rabon ganima, ya ɓalle, ya kafa ikonsa a Surame. Kabi ta zama babbar yaya a wannan yanki, Zamfara da Gobir suka daɗe a inuwarta. Sannan a 1591, shekara 99 bayan faɗuwar Garnaɗa, rundunar Sarkin Maroko Ahmadu Almansur ta ƙetaro Sahara da bindigogi ta karya Songhai a Tondibi. Jagoranta, Judar, haifaffen tsohuwar ƙasar Garnaɗa ne, kuma da yawan mayaƙansa 'yan Andalus ne da aka kora daga gida. Abin da ya ci Doma bai bar Awai ba. Da Gawo da Tumbutu suka yi sanyi, fatauci ya ƙara karkata gabas, zuwa hanyar Agadas da Katsina da Kano, wadda Gobir ke zaune a bakinta. Faɗa a kan wannan hanya, da matsin Buzaye, su suka yi ta tura Gobirawa kudu, har a ƙarni na 18 suka nemi wurin zama a ƙasar Zamfara. Tarihin baka ya ce gonar Alƙalin Zamfara aka ba su, shi ya sa ake cewa Alƙalawa. Baƙo ya yi ƙarfi, Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara wajen shekarun 1760.

Littafi ya biyo baya, ya kuma fi takobi cizo. Lokacin da Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello suka tashi auna sarakunan Hausa, da mudun Magili suka auna su. A Sirajul Ikhwan Shehu ya ɗauko amsoshin da aka bai wa Askiya ya ɗora su a kan zamaninsa: abin da aka faɗa a kan Sonni Ali ya hau kan duk sarkin da ke gauraya Musulunci da tsafi yana zaluntar Musulmi. A Tanbihul Ikhwan ya kawo wasiƙar Magili ga Rumfa da ta Suyuɗi. Abin lura shi ne, rubutun da aka yi don ƙarfafa gadon sarautar Rumfa da na Askiya, shi ne ya zama hujjar tumɓuke sarakunan da suka zo bayansu. An yi hijira zuwa Gudu a Fabrairu 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto a watan Yuni, Alƙalawa ta faɗi a 1808, Yunfa ya mutu a cikinta. Sauran labarin sananne ne a nan: yaƙin Gawakuke a 1836, kafa Tsibiri, zaman Isa ribaɗi, da ɓallewar Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Taswirar da matafiyinmu na Bafarawa ya sani, daga nan ta samo asali.

Hanya ta uku ta Kolumbus ce, kuma fuska biyu gare ta. Gonakin rake na sabuwar duniya sun ci mutane, aka yi ta jigilar bayi daga Afirka har miliyoyi. An daɗe abin bai kai ga Hausawa sosai ba, sai da yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 suka yawaita kamammu, aka riƙa gangarawa da su bakin teku. A 1807, tun Alƙalawa ba ta faɗi ba, hukumomin Bahiya a Barazil suka bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa, wasu tawayen kuma suka biyo baya. Ɗaya fuskar ita ce ta iri. Masara, rogo, gyaɗa, barkono, tumatir, dankali, taba: babu ko ɗaya a gonar Bazamfaren 1492. Gero da dawa da wake da shinkafar fadama ya sani. Sabbin sun shigo a hankali, wasu ta bakin teku, wasu ta Sahara, har ana ganin sunan masara yana nuna ta Masar ta biyo. Ba sarkin da aka buga wa tambari don su, ba marubucin da ya rubuta ranar isowarsu.

Yau labarin duniya kan iso Bafarawa cikin minti guda, ta rediyo da wayar hannu, yankin kuma yana da nasa tashin hankalin da ya sa iyalai da dama ƙetarawa jihar Maraɗi, suna bin hanyar da kakannin Gobirawa suka gangaro, amma ta baibai. Mai son ya ga abin da ya saura na 1492 a wannan ƙasa, ya jira watan azumi. Da la'asar zai tarar da malami a masallaci yana fassara Jalalaini, tafsirin da Suyuɗi ya kammala, mutumin nan da ya taɓa yi wa Gobir faɗa daga Alƙahira. Da an sha ruwa kuma a kawo kwaɗon rogo da ƙuli-ƙuli da yajin barkono, kowa ya sa hannu, yana ganin abincin kakanninsa yake ci tun fil'azal.